Yadda ungulu ta kai bakin ƙarewa, shirwa kuwa tana nan

A wajen masana tsuntsaye, ungulu da shirwa dangi ɗaya ne. Dukansu suna ƙarƙashin babban dangin Accipitridae, mai nau'i kusan 250, wanda gaggafa ma take ciki. Dukansu sun saba da mutane, kuma wurin neman abincinsu kusan ɗaya ne: kwata, juji, bayan kasuwa. Amma a jerin da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, take fitarwa, ungulun gari tana matakin da daga shi sai a ce ta ƙare a daji, shirwa kuwa tana can cikin tsuntsayen da ba a fargabar komai a kansu. Abin da za a bi diddiginsa a nan shi ne yadda tazarar ta kai haka, da kuma ko jerin yana faɗin abin da ke faruwa a garuruwanmu.

Wace ungulu, wace shirwa

Nau'in ungulu 11 ake samu a Afirka. Wadda ake magana a kanta ita ce ƙaramar nan ta gari, wadda duk wanda ya yi wayo kafin shekarun 1990 ya san ta jere a kan rufin kwata, ko tana takawa a ƙasa tsakanin mahauta ba ta ko kula da wuƙaƙensu. Sunanta na kimiyya Necrosyrtes monachus. Jikinta ƙasa-ƙasa ne mai duhu, fuskarta ba gashi, kuma idan ana rububin abinci fatar fuskar takan rine ta yi jawur. Nauyinta daga kilo 1.5 ne zuwa 2.6. Abin lura shi ne bakinta, dogo siriri, wanda ba ya iya farke fatar mushen saniya. Dole ta jira manyan ungulaye su buɗe, ko mahauci ya feɗe, sannan ta zura baki tsakanin ƙasusuwa ta tsince abin da ya rage. Wannan bakin ne ya ɗaure ta da kwata.

Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Temminck ne ya fara rubuta bayaninta a 1823, daga samfurin da aka samo a Senegal, ya kuma saka ta gida ɗaya da ungulayen nahiyar Amurka. Ba a ga laifinsa ba, kamannin sun yi yawa. Daga baya aka gane na Amurka dangi ne daban, Cathartidae, sana'a iri ɗaya ce ta ba su sanƙon kai da faffaɗan fiffike. Wasunsu ma da hanci suke gano mushe, namu kuwa da ido. An kuma daɗe ana haɗa ta da farar ungulun Masar saboda siririn baki, har gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya nuna ta fi kusa da manyan ungulayen gidan Gyps. Yau ita kaɗai ce a gidan Necrosyrtes. Ranar da ta tafi, an rufe gidan ke nan.

Shirwa ba sai an gabatar da ita ba. Ita ce wadda kaza ke hangowa ta yi wani irin kuka, 'yan tsaki su ruga ƙarƙashin rumbu. Ba ta cika kilo ɗaya ba, wutsiyarta mai tsaga ce, da ita take juya akala a iska ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Ba kasafai take sauka ta zauna a kan abinci ba, sai dai ta zuro ƙafa ta sure tsoka daga tiren mai talla ta ci abinta a sama. Ɓera, ƙadangare, fara, kifi, hanjin da aka zubar, duk nata ne. Idan aka sa wa daji wuta za ka gan ta a bakin hayaƙi tana cafke ƙwarin da suka tashi, haka ma ranar da shinge ya fito bayan ruwan farko. Tamu ta Afirka bakinta rawaya ne, kuma damina take bi, ta yi arewa idan ruwa ya sauka, ta koma kudu da rani.

Tana da 'yar'uwa mai baƙin baki, Milvus migrans, da ke hayayyafa a Turai da Asiya har Ostireliya. Na Turai sukan tsallako ta mashigin Jibraltar su shafe lokacin sanyi a yankin Sahel, don haka akwai watannin da shirwa iri biyu ke jewa a samanmu ba mu ankara ba. Shekara da shekaru littattafai sun ɗauki tamu a matsayin reshe kawai na mai baƙin bakin. A 2005 wani masani, Jeff Johnson, da abokan aikinsa suka yi gwajin DNA a kan shirwar tsibiran Cape Verde, wadda ake ta faɗi-tashin ceto ta, don a san ko nau'i ce mai zaman kanta. Sakamakon ya ce a'a. Sai ga shi a gefe ya nuna cewa mai rawayan bakin Afirka, wadda ba ita aka je nema ba, ita ce ta bambanta. Yau wasu manyan kundayen sunayen tsuntsaye suna ba ta sunan kanta, Milvus aegyptius, wasu kuma sun bar ta inda take. Kamar gardamar malamai ce kawai, amma za a ga inda ta shafi lissafi.

Ma'aunin haɗari

An kafa IUCN a 1948, hedkwatarta tana Gland a ƙasar Suwizalan, ta kuma fara wannan jeri a 1964. A ɓangaren tsuntsaye, ƙungiyar BirdLife International ce ke tattara hujjoji ta tsayar da mataki. Matakan suna hawa ne daga "babu fargaba" zuwa "dab da haɗari", "mai rauni", "cikin haɗari", "cikin matsanancin haɗari", sai "ya ƙare a daji" da "ya ƙare ƙaf". Mutane da yawa suna zaton yawan abin da ya rage kawai ake dubawa. Ana duba shi, amma ma'aunin da ya kama ungulu shi ne saurin raguwa. Nau'in da ya ragu da kashi 30 cikin 100 a tsawon zuriya uku, alhali abin da ke kashe shi bai tsaya ba, ya zama mai rauni. Idan kashi 50 ne, yana cikin haɗari. Idan ya kai 80, matsanancin haɗari.

Har zuwa 2011 ungulun gari tana mataki ɗaya da shirwa, babu fargaba. A shekarar aka tsallake matakai biyu da ita lokaci guda aka kai ta "cikin haɗari", masu bincike Darcy Ogada da Ralph Buij kuma suka ƙiyasta cewa duk nahiyar ba ta wuce 197,000 ba. A 2015 ta hau matsanancin haɗari tare da wasu ungulayen Afirka uku. Lissafin da aka dogara da shi ya nuna raguwar kashi 83 cikin 100 a zuriya uku, wadda a lokacin aka auna da shekara 53. Wani zai ce tsuntsu kusan dubu 200, ina ya ga ƙarewa? To, idan a cikin rayuwar mutum ɗaya 83 daga kowace 100 za su tafi, kuma hannun da ke kwasar bai gaji ba, yawan da ya rage ba abin kwantar da hankali ba ne.

Hujjar da ta fi shafarmu ta fito ne daga wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay. Tsakanin 1969 da 1973 ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar a mota, yana ƙirga duk tsuntsu mai farauta ko cin mushe da ya gani. Bayan shekara 30 zuwa 35 ya sake bin hanyoyin, shi da kansa, a lokaci iri ɗaya na shekara. Manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun daji. Ƙaramar ta gari ta durƙushe a yankuna da dama, tsakiyar Burkina Faso ce ta riƙe nata. A birnin Dakar an ƙiyasta ungulu 3,000 a 1969, a 2016 kuwa 400.

Shirwa ba ta taɓa motsawa daga matakin ƙasa ba. Idan aka haɗa tamu da mai baƙin baki, ana lissafa ta da miliyoyi a nahiyoyi huɗu, kuma a birnin Delhi na Indiya, inda jibgin shara ke ciyar da ita, an samu sheƙa kusan 15 a kowace murabba'in kilomita.

Rumfa ɗaya suke rataye

Za a iya zaton ungulu ake kashewa, an ƙyale shirwa. Ba haka ba ne. Buij da abokan aikinsa sun tattara abin da aka gani a kasuwanni 67 na ƙasashe 12 na yammaci da tsakiyar Afirka tsakanin 1990 da 2013, gawar tsuntsaye masu farauta da cin mushe 2,646 daga nau'i 52. Shirwa da ungulun gari su biyu kaɗai suka cinye kashi 41 cikin 100. A ƙiyasin binciken, kashi 73 na cinikin Afirka ta Yamma a Najeriya ake yin sa, kashi 21 a Benin, kuma ungulun gari tsakanin 975 da 1,462 ke shiga kasuwa kowace shekara.

Ba ma sai mun nuna wa wasu yatsa ba. Wani binciken na Yohanna Saidu da Buij, wanda ya fito a 2013, ya tattauna da masu sayar da kayan maganin gargajiya 113 a kasuwanni 39 na jihohi 8 na Arewacin Najeriya, akasarinsu Hausawa. Kusan tara cikin goma na sassan ungulun da ke rumfunansu na wannan ƙaramar ne, kuma kaso mai yawa daga waje aka kawo, daga Nijar, Benin, Chadi, Kamaru da Sudan. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa na gida sun yi ƙaranci. Wanda ya taɓa leƙa irin wannan rumfa ya san yadda take: busassun kawuna a ƙwarya ko a leda, fuka-fukai a ɗaure da zare, ƙafafu a gefe tare da fatun namun daji. Kai ne ya fi daraja. Ana nemansa don sa'a a caca ko takara, don duba, don tsarin iskoki, don hauka da farfaɗiya. Hikimar masu nema ita ce tsuntsun da ke hango mushe daga can sama zai ba mai shi hangen abin da ke ɓoye. Idon ungulu kam yana da kaifi, amma babu wata shaida da ta nuna busasshen kanta yana warkar da farfaɗiya, cutar da asibiti ke da maganin da ke danne ta.

To, idan duka biyun ana kashe su, me ya sa ɗaya ce ta faɗi?

Na farko, yadda suke cin abinci. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, kuma sauran ungulaye sun fi kowa sanin haka. Kowace tana jewa ne tana kallon 'yar'uwarta, da zarar ɗaya ta sauka sai na nesa su biyo, su taru a kan abinci ɗaya su ci su ƙoshi. Wanda ya barbaɗa maganin ƙwari na gona a kan mushe guda zai kwashi gommai a zama ɗaya, ko da kura ko karnuka ya nufa da gubar. A cikin mace-macen ungulayen Afirka da Ogada da abokan aikinta suka tattara, guba ce ta ɗauki kashi 61 cikin 100, cinikin magani kashi 29. Sau da yawa ma abu ɗaya ne, don mafarautan kasuwa da guba suke aiki. Abin da ya faru a Gini Bisau, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da ungulun gari ke da sauran yawa, ya nuna girman abin. Daga ƙarshen 2019 zuwa watannin farko na 2020 an tsinci gawarta fiye da 2,000, akasari a yankunan Bafata da Gabu, da yawa an yanke musu kai. Shirwa ma guba na kashe ta, amma mai sura ta wuce ba ta tara kanta wuri ɗaya haka, kuma abincinta ya rarrabu.

Sabo da mutum ma ya zame wa ungulu tarko. A kudancin Afirka wannan nau'in tsuntsun daji ne mai gudun jama'a. A yankinmu kuwa ta yi ɗaruruwan shekaru ba wanda ke taɓa ta, ana ƙyamarta dai amma an bar ta da aikinta. Ranar da kanta ya yi kuɗi, ba ta san gudu ba.

Na biyu, wanda a ganina ya fi kowane nauyi, shi ne haihuwa. Ungulun gari ƙwai ɗaya tak take sakawa. Ta kwanta a kansa kwana 48 zuwa 54, ɗan ya shafe wata uku zuwa huɗu a sheƙa kafin ya tashi, bayan ya tashi ma iyaye su ci gaba da ciyar da shi na wasu watanni. Shekara guda, ɗa guda, idan an yi sa'a. Shirwa kan saka biyu ko uku, ta ƙyanƙyashe cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki, 'ya'yan su tashi cikin mako shida zuwa bakwai. Makiyayi ya san wannan lissafin: annoba ta ratsa garken awaki da garken raƙuma, na awaki zai cika kafin na raƙuma ya farfaɗo. Tsuntsu irin ungulu da tsawon rai ya dogara, ya yi shekaru yana ajiye ɗa ɗaya-ɗaya. Kashe babba guda daidai yake da kashe duk 'ya'yan da zai haifa nan gaba, kuma manyan ne ake kamawa a kwata.

Ga kuma matsalar wurin sheƙa. A kan manyan itatuwa take yi, irin su kuka, tsamiya, ɗorawa, gawo, maɗaci da giginya, takan kuma koma sheƙa ɗaya shekara bayan shekara. Ana sare maɗaci don katako, giginya don azara, wasu kuma suna hawa su kwashe ƙwan don magani. Gyaran kwatoci ya rage mata abinci a wasu biranen. Wannan ba abin kuka ba ne, tsaftar kwata alheri ce, amma ya shiga cikin lissafi.

Doka ba ta bambanta su sosai ba. A yarjejeniyar cinikin namun daji ta CITES dukansu suna rukuni na biyu, wato ana iya fitar da su ƙetare da izini. A 2017, a taron Manila na yarjejeniyar kare dabbobi masu ƙaura, an saka ungulun gari a rukunin da ya fi tsanani, aka kuma amince da shirin ceto ungulayen Afirka da Turai da Asiya. Najeriya tana da dokar halittun da ke cikin haɗari tun 1985, an yi mata gyara a 2016. Duk da haka kawunan ba a ɓoye ake sayar da su ba. Aikin da ya fi kama da mai amfani shi ne wanda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, take yi da masu maganin gargajiya, na maye sassan ungulu da tsirrai, don muddin mai saye yana nan mafarauci zai fita.

Shirwa ba za ta gaji aikin ungulu ba. Ba ta share mushe, ba ta taɓa yawancin ƙazantar da ungulu ke kwashewa. Indiya ta ga abin da kan biyo baya. Maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan ungulayenta kafin a hana shi a 2006, karnukan juji suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Nau'in can daban ne, yanayin ma daban, amma mushen da ungulu ba ta ci ba dole wani abu ya ci shi.

Abin da "babu fargaba" ke rufewa

Matakin IUCN na duniya baki ɗaya ne, ba na Kano ko Maraɗi ba. A ƙirgar Thiollay ɗin nan, ƙananan masu farauta, har da shirwa, su ma sun ragu a wajen gandun daji. Wani babban bincike da Phil Shaw da Ogada suka jagoranta, wanda ya fito a 2024, ya duba nau'i 42 na irin waɗannan tsuntsaye a filayen Afirka, ya samu kusan kashi 90 cikin 100 suna raguwa. A nan ne gardamar suna take shigowa. Idan aka lissafa shirwarmu a matsayin reshen mai baƙin baki, ko ta ƙare ƙaf daga Sakkwato zuwa Diffa alƙaluman duniya ba za su girgiza ba, na Indiya da Turai za su rufe giɓin. Idan aka ware ta, za a auna ta da abin da ke faruwa a Afirka kawai. Ko a hakan ma yankinta ya kai daga Senegal zuwa Madagaska, don haka raguwar Sahel na iya ɓacewa a cikin jimla.

Sannan jerin yana zuwa a makare. Sakamakon Thiollay ya fito a 2006, ungulun gari ta ƙara shekara biyar a matakin "babu fargaba". Lokacin da takarda ta ce tana cikin haɗari, mahauta a garuruwa da yawa sun daɗe da daina ganinta. Ba sakaci ba ne daga masu jerin, ba su yanke hukunci sai da alƙaluma, kuma ba wanda ya damu ya ƙirga tsuntsun da ke ko'ina. A yau shirwa ce ke wannan hali, tana ko'ina, tana kuma sahun gaba a rumfar magani.

Akwai inda aka fara gyara. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a ƙarshen 2015. An raba ƙasar gida-gida, kowane kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, 'yan sa-kai suna shiga da manhaja a waya suna rubuta duk nau'in da suka gani. Wannan yana nuna inda tsuntsu yake da inda babu shi, amma shirwa ɗaya da shirwa hamsin duk "an gani" ne. Abin da zai kama raguwarta da wuri shi ne ƙirga a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, shekara bayan shekara, kuma kwata ta fi ko'ina dacewa, da safe lokacin yanka. Sarkin Fawa da yaransa suna wurin kullum. Ɗalibin jami'a da zai nemi izininsu ya riƙa ƙirgawa sau ɗaya a wata, yana raba ta damina da ta rani, mai rawayan baki da mai baƙi, ba ya buƙatar abin da ya wuce littafi da biro da madubin hangen nesa.